Tarihin Dokta Claude Beck, Likitan Da Ya Fara Maido Da Bugun Zuciyar Mutum Da Wutar Lantarki

Yau filin namu na tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Amurka, inda za mu kawo muku tarihin wani likitan fiɗa mai suna Claude Schaeffer Beck, wanda ya rasu tun cikin shekara ta 1971. Sunansa sananne ne a makarantun koyon aikin likita na duniya, kuma duk asibitin da ake buɗe ƙirjin mutum a yi wa zuciyarsa aiki, za ka tarar da wasu ƙarafa biyu masu kama da ludayi an ajiye su kusa da hannun likita, ana jiran ko bugun zuciyar zai rikice. Wannan bawan Allah shi ne ya fara ɗora irin waɗannan ƙarafa a kan zuciyar ɗan Adam har aka dace mutumin ya tashi ya koma gida da ƙafarsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Claude Beck ranar 8 ga watan Nuwamba na shekara ta 1894 a garin Shamokin da ke cikin jihar Pensilbaniya, wani ƙaramin gari da aka sani da haƙar kwal. Ya yi karatu a kwalejin Franklin da Marshall inda ya kammala a 1916, daga nan ya wuce jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, wadda a lokacin take kan gaba wajen koyar da aikin likita a Amurka. A shekara ta 1921 ya fito da takardar shaidarsa ta zama likita.

Tun yana sabon likita a Baltimore wani abu ya faru a gabansa wanda bai taɓa barin ransa ba, kuma ya sha ba da labarinsa bayan ya girma. Ana cikin yi wa wani majiyyaci tiyata sai mai ba da maganin barci ya sanar da cewa ya daina jin bugun jijiya. Babban likitan da ke aikin ya tuɓe safar hannunsa, ya nufi wayar tarho, ya kira ƴan kwana-kwana su kawo na'urar hura iska. Kafin su iso majiyyacin ya cika. A wancan zamani iyakar abin da manyan asibitoci suka sani ke nan. Zuciyar tana nan ƙarƙashin hannun likita, tsakaninsu bai fi tsawon yatsa ba, amma babu wanda ya yi tunanin taɓa ta.

Bayan Baltimore ya ƙara samun horo a birnin New Haven, sannan ya koma birnin Boston inda ya yi aiki ƙarƙashin Harvey Cushing, shahararren likitan fiɗar ƙwaƙwalwa. A can ne ya haɗu da Dokta Elliott Cutler, wanda a watan Mayu na 1923 ya yi wa wata yarinya ƴar shekara 12 aiki a wata ƙofa ta cikin zuciyarta da ta tsuke. Yarinyar ta rayu har fiye da shekara huɗu bayan aikin. Beck ya taimaka wa Cutler wajen ƙera wata ƴar wuƙa ta musamman domin irin wannan aiki, to sai dai duk majiyyatan da suka biyo bayan yarinyar ba su rayu ba, har ta kai Cutler ya dakatar da aikin baki ɗaya. Matashin likitan ya ga nasara da idonsa, ya kuma ga asara mai yawa.

A shekara ta 1924 Cutler ya samu kujerar shugaban sashen fiɗa a jami'ar Western Reserve da ke birnin Cleveland na jihar Ohayo, sai ya tafi da Beck. A wannan birni ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Shekaru da dama aikinsa na yau da kullum fiɗar ƙwaƙwalwa ce, har ma an naɗa shi farfesa a wannan fanni a 1940, amma duk sararin da ya samu yana ɗakin gwaji yana binciken zuciya.

Mene ne karkarwar zuciya?

Kafin mu ci gaba, yana da kyau mai karatu ya fahimci matsalar da wannan likita ya sa a gaba. Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na ƙasan su ne masu ƙarfi, su ke matse jini su tura shi zuwa huhu da sauran sassan jiki, kimanin lita 5 a kowane minti ga babban mutum yana hutawa. A ɗakin sama na hannun dama akwai wani ɗan ƙulli na tsoka da ke fitar da wata ƴar ƙaramar wutar lantarki ta halitta, sau 60 zuwa 100 a minti, kuma ita ce ke gaya wa sauran tsokar lokacin da za ta matse. A kwana ɗaya zuciya kan buga kimanin sau 100,000 a kan wannan tsari.

Wanda ya taɓa ganin mata suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa aikin ba ya tafiya sai kowace taɓarya ta sauka a kan lokacinta. Da zarar kowace mace ta fara sauke tata yadda ta ga dama, taɓare za su yi ta karo, ga motsi ga ƙara, amma gero ba zai daku ba. Haka abin yake idan tsarin wutar zuciya ya rikice a ɗakunan ƙasa. Kowane zaren tsoka sai ya riƙa motsinsa shi kaɗai, zuciyar ta riƙa makyarkyata kamar an zuba tsutsotsi a cikin jaka, ba ta tura ko cokali ɗaya na jini. Wannan shi ne abin da za mu kira karkarwar zuciya. Cikin ƴan daƙiƙu mutum zai suma, kuma idan aka yi minti 4 zuwa 6 jini bai je ƙwaƙwalwa ba, sai ta fara lalacewa, lalacewar da ba ta gyaruwa.

A ɗakin tiyata abubuwa da yawa na iya jawo wannan: ƙarancin iska a cikin jini, ƙarfin maganin barci, sanyin jiki, rikicewar sinadaran jini, ko kuma taɓa zuciyar kanta da hannu ko da ƙarfe. Saboda haka duk likitan da ke son yin aiki a kan zuciya dole ne ya san yadda zai yi idan ta fara karkarwa, in ba haka ba kuwa, ya shiga rijiya ba tare da igiya ba.

Shekarun gwaji

Ba Beck ne ya fara gano cewa wutar lantarki na iya tsayar da wannan karkarwa ba. Tun a 1899 wasu masana biyu a birnin Janeba na ƙasar Siwizalan, Prévost da Battelli, suka nuna cewa ƙaramar wuta na jefa zuciyar kare cikin karkarwa, babbar wuta kuma na tsayar da karkarwar. An yi shekaru da dama babu wanda ya kula da wannan bincike. Sai da ma'aikatan kamfanonin lantarki na Amurka suka yi ta mutuwa a kan turakun wuta, sannan kamfanonin suka zuba kuɗi aka sake tono maganar. Wani injiniya mai suna William Kouwenhoven da abokan aikinsa a Johns Hopkins suka tabbatar da ita a kan karnuka a 1933.

Dalilin kuwa shi ne, idan babbar wuta ta ratsa zuciya, dukkan zaren tsokar sukan tsaya cik lokaci guda. In muka koma ga misalin lugude, kamar a ce wata babba ta daka tsawa kowa ta ɗaga taɓaryarta, a yi shiru, sannan ta farko ta sake farawa sauran su biyo ta a jere. Wannan ɗan shirun shi ke ba wa ƙullin nan na sama damar karɓar ragamar bugun.

An yi dace a jami'ar da Beck yake akwai wani babban masanin aikin zuciya mai suna Carl Wiggers. Shi ne ya nuna a 1936 cewa zuciyar da ta daɗe tana karkarwa ba ta amsa wuta sai an fara matsa ta da hannu, jini mai iska ya ratsa tsokarta tukuna. Beck ya ɗauki wannan ilimi na ɗakin gwaji ya shiga neman hanyar kai shi ɗakin tiyata. A 1937 shi da abokin aikinsa Frederick Mautz suka wallafa bayani a kan yadda likitan fiɗa zai sarrafa bugun zuciya idan ta rikice ana cikin aiki. Tsarin nasu a jere yake: a tura iska cikin huhu ta bututu, a buɗe ƙirji ba tare da ɓata lokaci ba, a kama zuciya a riƙa matsa ta da hannu, a sa mata maganin kashe zafi da ake kira purokain domin ya kwantar da tsokar, sannan a sa mata wuta.

Ya gwada wannan tsari a kan wasu majiyyata kafin yaƙin duniya na biyu ya ɗauke shi, amma babu wanda ya rayu, domin akan kira shi ne bayan lokaci ya ƙure, ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace. Daga nan ya gane cewa aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne a maido da tafiyar jini da iska cikin mintocin farko, ko da hannu ne, kuma wannan ba ya jira. Na biyu shi ne a gyara bugun, wanda zai iya jira muddin hannu bai daina matsawa ba. A lokacin yaƙi ya yi aikin soja a matsayin mai ba da shawara kan fiɗa, ya kai muƙamin kanar, sannan ya komo Cleveland ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da ya faru a 1947

A shekara ta 1947 aka kawo wani yaro ɗan shekara 14 asibitin jami'ar, wanda aka haifa ƙashin ƙirjinsa ya lotsa ciki yana takura masa numfashi. Zuciyarsa lafiya lau take. An gama gyaran ƙashin, ana cikin ɗinke ƙirjin, sai bugun jijiyarsa ya ɗauke, jikinsa ya sauya launi. Nan take Beck ya farke ɗinkin, ya sa hannu ya kama zuciyar, ya ji tana karkarwa, ya fara matsa ta.

Minti 45 aka yi hannu yana yi wa yaron aikin da zuciyarsa ta kasa. A cikin wannan lokaci aka kawo na'urar da ke zana bugun zuciya a kan takarda, ta tabbatar da cewa karkarwar ce. Aka kuma kawo na'urar wutar, wani akwati mai waya da ƙarafa biyu masu kama da cokula da aka yi wa ƙota don kada wuta ta kama mai riƙewa. Wutar kuwa irin ta gida ce ta Amurka, mai ƙarfin bolt 110. Beck ya sa zuciyar tsakanin ƙarafan biyu aka saki wuta. Zuciyar ta ci gaba da karkarwa. Ya yi mata allurar purokain, ya ci gaba da matsawa domin maganin ya zagaya, sannan aka sake sakin wuta. A wannan karon zuciyar ta tsaya shiru, can sai ga wani ɗan bugu mai rauni da sauri, amma a jere. Ya ci gaba da taimaka mata da hannu har ta yi ƙarfi, sannan aka rufe ƙirjin.

Bayan kimanin awa uku yaron yana amsa tambaya cikin hankalinsa. Ya warke sarai, ƙwaƙwalwarsa ba ta taɓu ba, aka sallame shi. A watan Disamba na wannan shekara Beck da abokan aikinsa biyu, Pritchard da Feil, suka wallafa labarin a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Tsakanin ranar da ya ga an kira ƴan kwana-kwana da wannan rana an yi kusan shekara 25. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Zuciyar da ke da sauran ƙarfi

Abin da Beck ya yi ba tayar da matacce ba ne, kuma shi ma bai ce haka ba. Hujjarsa ita ce, mutane da yawa da ke faɗuwa farat ɗaya tsokar zuciyarsu tana da sauran ƙarfin da za ta yi shekaru tana aiki, tsarin wutar ne kawai ya sami tangarɗa. Duk direban babbar mota ya san bambanci tsakanin motar da injinta ya buga da wadda waya ɗaya ce ta saki. Ta farko sai a nemi sabon inji, ta biyu kuwa ana gyara wayar sai ta tashi ta ci gaba da tafiya da kayanta.

A 1955 wannan magana ta tabbata a wajen ɗakin tiyata. Wani likita ɗan shekara 65 ya zo asibitin ana duba shi saboda ciwon ƙirji, yana kan hanyar fita sai ya yanke jiki ya faɗi. Likitocin da suka san tsarin Beck suka buɗe ƙirjinsa cikin ƴan mintoci, suka matsa zuciyar, suka sa mata wuta. Mutumin ya tashi, ya koma duba marasa lafiyarsa, ya yi shekaru masu yawa a duniya bayan haka. Wannan ya nuna cewa hatta wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe yana iya tsira idan aka kai gare shi da wuri.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tun a 1950 Beck ya buɗe wani kwas a Cleveland na koyar da yadda ake farfaɗo da zuciya. A cikin shekarun da ba su kai 20 ba, likitoci da ma'aikatan jinya fiye da 3,000 suka bi ta wannan kwas, kowa ya sa hannunsa ya gwada kafin ya tafi. A 1952 aka naɗa shi farfesan fiɗar zuciya da jijiyoyin jini, kuma shi ne na farko da ya riƙe irin wannan kujera a Amurka.

Inda aka wuce shi

Ba duk abin da ya ƙirƙiro ne ya ɗore ba. A 1935 ya fara wani aiki domin masu toshewar jijiyar zuciya, inda yakan ɗauko tsokar ƙirji ya manna a kan zuciya da fatan sababbin hanyoyin jini za su tsiro. Daga baya ya fito da wani salo na biyu. An yi wa mutane da yawa waɗannan ayyuka, amma amfaninsu bai kai yadda ya yi fata ba, kuma an bar su bayan da René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina, ya fara dasa jijiyar ƙafa ta zagaye wurin da ya toshe a 1967, a wani asibiti na birnin Cleveland ɗin dai. Abin da ya rage daga binciken nasa na 1935 shi ne alamomi uku da ya bayyana na taruwar jini ko ruwa a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya: faɗuwar ƙarfin bugun jini, kumburin jijiyoyin wuya, da dushewar ƙarar zuciya. Har yau ɗaliban likita da sunansa suke haddace su.

Buɗe ƙirjin ma an samu hanyar kauce masa. A 1956 Paul Zoll na birnin Boston ya nuna cewa ana iya sa wa zuciya wuta ta bayan fata. A 1960 Kouwenhoven da abokansa biyu, Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙashin ƙirji da tafin hannu yana tura jini ba sai an yi yanka ba. A 1962 Bernard Lown ya fito da na'urar da ke tara wuta ta sake ta lokaci guda, wadda ta fi wutar gida sauƙi ga tsokar zuciya, ko da yake masanin nan na birnin Masko, Naum Gurvich, ya riga ya gwada irin wannan a kan dabbobi tun 1939. A 1965 kuma Frank Pantridge na birnin Belfast ya haɗa na'urar da za a iya sa wa a motar ɗaukar marasa lafiya, mai nauyin kusan kilo 70.

Wani dattijon da sai ya tsaya kare tsohuwar hanyarsa. Beck kuwa da ya ga danna ƙirji abu ne da kowa zai iya koya, sai ya rungume shi, ya fara koyar da mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan asibiti ba tun a 1963, a lokacin da likitoci da yawa ke ganin bai kamata a bar wannan aiki a hannun kowa ba. Ya yi ritaya a 1965, ya rasu a Cleveland ranar 14 ga watan Oktoba na 1971, saura ƴan makonni ya cika shekara 77.

Abin da ya bari

A ɗakin tiyatar zuciya na yau, likitoci da gangan suke tsayar da zuciya da wani ruwa mai sinadarin fotashiyam, wata na'ura ta karɓi aikin zuciya da huhu, irin wadda John Gibbon ya fara cin nasara da ita a 1953. Idan an gama aiki aka sake wa zuciya jini, wani lokaci takan tashi da kanta, wani lokaci kuma takan fara da karkarwa. A nan likita zai miƙa hannu a ba shi ƙarafan nan biyu, ya rungume zuciyar da su, a saki wuta kaɗan. Idan ta yi gardama akan gyara sinadaran jini da ɗumin jiki, a ba da magani irin su lidokain ko amiyodaron, a sake gwadawa. Idan kuma bugun ya yi sanyi da yawa, akan liƙa wasu siraran wayoyi a jikin zuciyar domin na'ura ta riƙa ba ta lokaci har ta murmure. Yana da kyau a sani cewa wutar nan ba ta tayar da zuciyar da ta yi shiru ɗungurungum, amfaninta yana ga wadda ke karkarwa ko take gudu fiye da kima.

Kashi na farko na koyarwar Beck kuwa ba ya bukatar na'ura, kuma ya shafi kowa, a kasuwa ne ko a tasha ko a kan hanya. Idan babban mutum ya faɗi farat ɗaya, ba ya amsa kira, ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, to a tura wani neman motar asibiti, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. A ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Kada a ɗura masa ruwa, kada a zaunar da shi, kada kuma a tsaya har sai ma'aikatan lafiya sun karɓa ko ya motsa. In mai dannawa ya gaji wani ya canje shi. Hannun da ya riƙe yaron nan na 1947 tsawon minti 45 irin wannan aiki ya yi, kuma da ya saki kafin na'ura ta iso, da babu wutar da za ta yi amfani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani.